Ƙofar Ɓoye, Talla a Fili

A unguwar East Village ta birnin New York akwai wani ƙaramin shagon abinci mai suna Crif Dogs, kuma a gefe guda na shagon an kafa ɗan akurkin tarho irin na da. Wanda ya san kan abin sai ya shiga akurkin, ya ɗaga kan wayar, ya danna lamba, sai bangon baya ya buɗe, ya tsinci kansa a cikin wata mashaya mai duhu-duhu, ga kujerun fata, ga kwalabe jere har sama. Sunanta PDT, an buɗe ta a shekarar 2007. Irin waɗannan mashayu, da Amurkawa ke kira speakeasy, yanzu sun bazu daga New York zuwa Landan da Tokyo da sauran manyan birane: wata a bayan shagon aski, wata a bayan ƙofar firiji, wata a bayan kantar littattafai. Dukkansu suna da lasisi, suna biyan haraji, adireshinsu yana kan taswirar Google, wasu ma sai ka kama wuri tun kwanaki kafin ka je. Ɓoyon nan dabarar kasuwa ce kawai. Ra'ayina shi ne akwai abin da ake ɓoyewa da gaske a bayan waɗannan ƙofofi, wato tarihin mutanen da suka halaka a zamanin da ake kwaikwayo, da kuma illar abin da ke cikin kofin.

Asalin abin yana komawa ne ga shekarun haramcin barasa a Amurka. An yi wa tsarin mulkin ƙasar gyara na 18, wanda ya fara aiki a watan Janairun 1920, ya hana yin barasa da sayar da ita da safararta, sai a watan Disambar 1933 gyara na 21 ya soke shi. Dokar ba ta hana shan barasa ita kanta ba, kuma wannan giɓi ya raba mutane gida biyu tun ranar farko. Attajirai sun cika ɗakunan ajiyarsu kafin dokar ta soma aiki, suka ci gaba da sha a gidajensu ba tare da sun karya doka ba. Mai kuɗin ganin likita yana iya karɓo takardar da za ta ba shi damar sayen wuski a kantin magani. Manyan mashayun ɓoye irin su 21 Club suna da kantoci da ake danna maɓalli su kife, kwalabe su gangara ƙasa su farfashe kafin jami'ai su shigo, sannan ga ɗakin ajiya a bayan wata ƙofa da aka yi wa kamar bango. Wannan ɓangaren na tarihi, na masu hannu da shuni da kiɗa da ƙyalƙyali, shi ne mashayun yau suka ɗauko suka goge shi yana sheƙi.

Ɗaya ɓangaren kuwa babu mai rataya hotonsa a bango. Talaka yana shan abin da ya samu ne, kuma sau da yawa abin da ya samu sinadarin masana'antu ne da aka sato aka sake tacewa. Gwamnati ta wajabta a riƙa zuba guba, har da sinadarin methanol, a cikin barasar masana'antu don kada a sha ta, alhali an san ana sha. Bayan mace-macen da aka yi a New York lokacin bikin Kirsimeti na 1926, babban likitan binciken gawa na birnin, Charles Norris, ya fito fili ya ɗora wa gwamnati alhakin. A shekarar 1930 wani ruwan citta mai barasa da talakawa ke saye a kantuna ya gurɓata da wani sinadari, ya shanye ƙafafun dubun-dubatar mutane, wasunsu har abada. Ko haɗe-haɗen da ake alfahari da su yau, na lemo da zuma da sukari, sun ƙara samun kasuwa a lokacin ne domin su danne ɗacin muguwar barasa. A Chicago kuma, a ranar 14 ga Fabrairun 1929, an jera mutum bakwai a jikin bango aka bindige su a rikicin masu fasa-ƙwaurin barasa na zamanin ƙasurgumin ɗan daba Al Capone. A unguwar Harlem ta New York, gidan rawar Cotton Club yana sa baƙar fata irin su Duke Ellington su yi kiɗa, amma kujerun 'yan kallo na fararen fata ne. Wannan shi ne zamanin da ake sayarwa yau a matsayin ado.

Wani zai ce ai wasa ne kawai, kayan ƙawata ɗaki ne, ba wanda ya shiga mashaya don ya ɗauki darasin tarihi. To amma abin da al'umma ta zaɓa ta tuna da abin da ta zaɓa ta manta yana gyara tunanin 'ya'yanta. Haramcin nan ba daga sama ya faɗo ba. Mata ne suka ja ragamarsa shekara da shekaru, musamman ƙungiyar matan Kirista masu yaƙi da shaye-shaye da aka kafa a 1874, domin su ne suka san yadda albashin mako ke ƙarewa a mashaya kafin ya iso gida, su ne kuma ke shan duka idan maigida ya dawo a buge. Mashayar ɓoye ta yau tana tuna ɗan daba da hularsa da sigarinsa, ta mai da shi gwarzo, ta kuma shafe matar da ta yi tattaki a titi don kare 'ya'yanta. Matashin da ya taso yana ganin hakan zai ɗauka cewa wayewa tana wajen mai karya doka, mai neman a rage sha kuwa baƙauye ne. Talla ba ta buƙatar ta faɗi wannan da baki, fitila da kiɗa da ƙofar sirri sun isar da saƙon.

Hujja ta biyu da masu kare waɗannan wurare ke kawowa ta fi ta farko nauyi. Suna cewa a nan ana shan kaɗan mai kyau ne cikin natsuwa, ba irin hayaniyar mashayun gefen titi ba. Akwai gaskiya a ciki. Milk & Honey, mashayar da Sasha Petraske ya buɗe a New York a ƙarshen 1999, wadda ake ɗauka ita ta farfaɗo da wannan salo, ta kasance tana da ƙa'idoji a rubuce: ba ihu, ba faɗa, namiji ba ya tunkarar macen da bai sani ba, kuma mai fita ya fita a hankali kada ya tashi maƙwabta. Kofi ɗaya a irin waɗannan wurare kan kai dala 20, tsada kuma tana rage yawan sha. Sai dai hanta ba ta san farashin kofi ba. Sinadarin da ke bugarwa iri ɗaya ne, ko a kofin ƙarau aka zuba shi ko a leda. Tun 1988 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa barasa a rukunin farko na abubuwan da ke haddasa daji, rukuni ɗaya da taba. Hukumar ta ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya a 2019. A Janairun 2025 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a rubuta gargaɗin cutar daji a jikin kwalabe. Gwanintar mai haɗawa ita ce ya sa abu mai ƙarfi ya wuce maƙogwaro kamar lemo, kuma Hausawa sun riga sun faɗi halin zuma: ga zaƙi ga harbi.

Hujja ta uku ita ce wadda aka fi ji a bakin masu ilimi, cewa mashayar ɓoye shaida ce a kan hani ba ya aiki. Ba na musun cewa dokar Amurka ta sha kaye. Ta azurta 'yan daba, ta cika 'yan sanda da cin hanci, ta hana gwamnati haraji a daidai lokacin da tattalin arziki ya durƙushe bayan 1929, aka kuma soke ta. Amma labarin bai ƙare a nan ba. Masana tarihi sun nuna cewa shan barasa ya ragu a waɗannan shekaru, mace-macen ciwon hanta sun ragu, kuma sai a shekarun 1970 yawan abin da Ba'amurke ke sha ya koma inda yake kafin haramcin. Darasin gaskiya shi ne dokar da ta bar wa mai kuɗi ƙofar baya, ta bar wa talaka guba, ba za ta yi ƙarko ba, kuma dokar da zukatan jama'a ba su karɓa ba jami'i ba zai iya riƙe ta shi kaɗai ba. Mai neman wannan darasi ba zai same shi a wurin da ribarsa ta dogara ga a manta da shi ba.

Mai karatu na iya tambaya ina ruwanmu da mashayun New York, tunda addinin yawancinmu ya riga ya yanke hukunci a kan giya. Ruwanmu shi ne hotunan waɗannan wurare suna shigowa wayoyin 'ya'yanmu ta Instagram da TikTok ba tare da neman izini ba, kuma abin da suke tallatawa ya wuce barasa: suna koyar da cewa abin da aka yi a ɓoye ya fi daɗi, kuma sanin ƙofar sirri alamar girma ce. Sannan rabon nan na mai kuɗi da talaka ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan barasar ogogoro mai ɗauke da methanol, guba iri ɗaya da ta kashe talakawan New York shekaru kusan 90 kafin nan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Don haka kira na ga iyaye da malamai da 'yan jarida shi ne mu daina tsayawa a kan cewa abu haramun ne kawai, mu ƙara da bayanin yadda ake yi masa kwalliya da kuma wanda ke cin ribar kwalliyar. Hukumomi kuma su tabbatar doka ta hau kan babba kamar yadda take hawa kan ƙarami. Matashin da ya san tarihin 1920 zuwa 1933 ciki da waje, da gawawwakinsa da guragunsa, ba za a yaudare shi da fitila mai duhu da ƙofar ƙarya ba.