Amurka: Ƙananan manoman laimar kwaɗi na gwagwarmaya da manyan kamfanoni

A garin Kennett Square da ke jihar Pensilvaniya ta ƙasar Amurka, noman laimar kwaɗi irin wadda ake ci, wadda wasu ke kira naman kaza, sana'a ce da aka gada tun ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da masu noman furanni suka soma shuka ta a ƙarƙashin teburan da suke rainon furanninsu.

A yau jihar ce ke samar da fiye da rabin laimar kwaɗin da ake nomawa a Amurka. To amma yayin da amfanin ya yi ta ƙaruwa, yawan manoman raguwa ya yi, domin kuwa manyan gonaki sun haɗiye ƙanana da dama.

Gasar farashi

Dalilin hakan a fili yake. Farar laimar kwaɗi da ta cika manyan kantuna, a cikin dogayen ɗakuna ake nomanta, a kan takin da aka haɗa da kashin dawaki da tattaka, kuma da hannu ake tsinkarta. Ribar da ke cikin kowane kilo ba ta taka kara ta karya ba, don haka sai mai ɗakuna da yawa da motocin sanyaya kaya ne ke cin moriyarta.

Baya ga haka akwai gasa daga ƙetare. Tun a shekarun 1970 ta gwangwani mai araha daga nahiyar Asiya ta fara mamaye kasuwa, lamarin da ya kai ga a shekarun 1998 da 1999 gwamnatin Amurka ta ɗora harajin kariya a kan wadda ake shigowa da ita daga Chile da Sin da Indiya da Indonesiya. Duk da haka ƙaramin manomi bai samu sa'ida ba, saboda babban abokin hamayyarsa na cikin gida ne.

Kusanci da mai saye

Wannan ne ya sa ƙananan manoma da yawa suka bar wa kamfanoni farar, suka koma ga nau'o'i masu tsada kamar shitake da oyista.

Ita oyista tana fitowa a kan tattaka ko garin katako cikin 'yan makonni, amma kuma ba ta jure doguwar tafiya, tana saurin yaushi. Wannan rauni nata shi ne garkuwar ƙaramin manomi: yana tsinka da safe, kafin yamma ta isa gidan abinci ko kasuwar manoma, ba tare da dillali ya shiga tsakani ba.

Ita kuwa shitake, wasu na nomanta a kan gungumen itace a inuwar daji. Takan ɗauki watanni da dama kafin ta fito, amma gungume guda na iya yin shekaru yana ba da amfani, kuma jarin da ake buƙata kaɗan ne. Jami'ar Cornell da ke jihar New York ta daɗe tana horar da manoma a kan wannan hanya.

Ƙalubale

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Su ma manyan gonakin Pensilvaniya sun daɗe da shiga noman waɗannan nau'o'i, sannan ana shigo da dunƙulallen garin katako daga ƙasar Sin wanda aka riga aka sa wa irin shitake, abin da ke karya farashi.

Annobar korona ta shekarar 2020 kuma ta nuna hatsarin dogaro da gidajen abinci kawai. Da aka rufe su, manoman da suka tsira su ne waɗanda suka koma kai wa jama'a kaya har gida, ko busar da amfanin, ko kuma sayar da ƙunshin da mutum zai noma da kansa a ɗakin girki.

Saboda haka makomar ƙaramin manomi ba ta rataya a kan yawan abin da ya noma ba, illa a kan yawan mutanen da suka san shi, suke kuma shirye su biya ƙari domin abin da aka tsinko a ranar. Duk ranar da kamfanoni suka iya kai irin wannan ga mai saye cikin sa'o'i kaɗan, to tilas ya sake lale.