Cinikin Biri a Sama: Jabun Tsofaffin Sulalla a Gwanjon Intanet



A watan da ya wuce wani matashi daga cikin 'ya'yanmu ya kawo kuka zauren Maigida. Ya ga liyari a wani gwanjo na intanet, an rubuta 1780 a jikinsa, mai sayarwa kuma yana rantsuwa cewa gadon kakanni ne. Yaron ya tura kuɗin da ya tara na watanni ta MoMo, da fatan ya sayar wa Turawa ya ci riba. Da kayan ya iso, muka aika wa maƙerin azurfa. Yana kusantar da maganaɗisu, sai sulen ya manne. Ƙarfe ne aka shafa masa ruwan azurfa. Lambar mai sayarwa kuwa tun ranar take a kashe.

Ra'ayinmu shi ne, wanda bai san tarihin sule ba, kada ya sa kuɗinsa a gwanjonsa, domin jahiltar tarihi ita ce jarin macuci.

Mu fara da liyari, dalar nan ta azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Taraza ta Ostiriya, wadda fatake suka sani daga Barno har ƙasar Hausa. Sarauniyar ta rasu a 1780, kuma duk wanda aka buga bayan rasuwarta wannan shekarar ake ci gaba da sa masa. An buga shi a Landan da Rum da Faris da Bombai, kuma har yau ana bugawa a Biyana. Adadinsa ya haura miliyan 300. Saboda haka ganin 1780 ba hujja ba ce ta tsufa. Na gaskiya nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, azurfarsa kashi 833 cikin 1000, darajar galibinsu kuma ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da yawa ba.

Haka batun kwabo da anini masu huda, waɗanda iyayenmu suka yi ciniki da su a zamanin Turawa. Akan tallata na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas a kan tsada, wai don sarkin ya sauka daga karaga a Disambar wannan shekara. Saukarsa gaskiya ce, amma an buga wa Afirka ta Yamma waɗannan sulalla da sunansa miliyoyi, ba su da wuyar samu. A nan sulen na iya zama sahihi, labarin da aka ɗora masa ne jabu. Wanda yake da ƙarancin gaske, kamar azurfar aki da kamfanin 'yan kasuwar Ingila ya buga wa Gwalkwas a 1796 da 1818, da wuya ya faɗo hannun baƙo a Facebook da araha. Araha dai ba ta ado.

Gwanjon intanet ya haɗa illa uku. Ta farko, hoto kawai ake gani, kuma yana iya zama na sule sahihi da aka kwafo daga wani shafi. Ta biyu, mai kaya na iya buɗe asusu da sunaye daban-daban yana ƙara wa kansa farashi don ya zuga masu saye. Wannan shi ne najashi, wanda haninsa ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kamar yadda muka karanta a Risala cewa algus da ɓoye aibin kaya ba su halatta a ciniki. Ta uku, agogon gwanjo yana hana mutum shawara, gaggawa kuwa abokiyar nadama ce.

Wani zai ce ai intanet ta buɗe wa matasa kasuwar duniya, kuma a Aboabo ma ana cuta. Mun yarda. Tara tsofaffin kuɗi sana'a ce halattacciya, akwai kuma amintattun dillalai. Sai dai a Aboabo kana riƙe kaya a hannu, ka san rumfar mai shi, ka san wanda za ka kai wa ƙara. A intanet sai ka ƙago wa kanka waɗannan shingaye. Ko akwatin roba na kamfanonin tantancewa na Amurka, irin su NGC da PCGS, an sha ganin jabunsa, don haka a duba lambarsa a shafin kamfanin, a kuma gwada hoton da ke can da na mai talla.

Ga abin da muke kira gare shi. A nemi hoton sule bisa ma'auni, gaba da baya da gefe. A sani cewa maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma rashin kamawar bai isa shaida ba, tunda tagulla ma ba ya kama ta. Sai an haɗa da awo da idon maƙeri. A duba gefen sule, domin wanda aka zuba a mazubi yakan bar layin haɗi da ƙananan ramuka. Kada a biya baƙo kai tsaye ta MoMo ba tare da hanyar maido da kuɗi ba. Wanda kuma jabu ya faɗo hannunsa, haramun ne ya tura wa wani don ya huce asara.

Sai iyayenmu mata masu ajiyar sulallan gado a adudu da kumbo: kada ku miƙa wa mai yawon saye ya tafi da su "gwaji", kada kuma ku goge su da toka ko lemon tsami, domin gugar tana karya musu daraja. A cikinsu akwai sadakin kakanninmu da ribar fataucin goro ta hanyar Salaga. Mai son a duba nasa ya zo zaure bayan La'asar, mu haɗa shi da maƙeri a gaban shaidu.

Allah Ya tsare mana dukiya da mutunci, Ya ciyar da mu halal. Amin.