Daminar Da Yaran Shehuri Suka Ƙarasa A Gidan Wasu

Shekarun baya, in aka ce yaron Shehuri ba ya gida da damina, kowa ya san inda yake. An ba da dogon hutu ne a ƙarshen watan Yuli, uwa ta ɗaure 'yan kayanta ta goya ƙarami ta riƙe hannun mai bi masa, uba ya raka su tasha, sai Bama ko Dikwa ko Monguno ko Kukawa wurin kakanni. Can yaro zai ga yadda gero ke fid da kai, ya sha nono mai ɗumi, ya ci ɗanyar gyaɗa har cikinsa ya ɓaci, sa'an nan a komo da shi Yarwa gab da buɗe makaranta ya yi baƙi ya yi ƙiba. Haka nan 'yan kasuwar da ke zaune a Agege ko Sabon Ibadan su kan turo iyalinsu gida Maiduguri a wannan lokaci, don kada yara su tashi ba su san danginsu ba. Tafiya ce ta ganin dama, an san ranar fita, an san ranar komowa.

Rikicin Boko Haram ya kashe wannan al'ada. Gwoza ta faɗi hannun 'yan tawaye cikin watan Agusta na 2014, Bama ta bi baya cikin Satumba, Baga kuma a Janairun 2015. Kakannin da a da ake kai musu jikoki su ne suka iso Maiduguri da ƙafa, kuma mafi yawan masu gudun hijirar nan ba sansani suka shiga ba, gidajen dangi suka sauka. Shehuri, watau unguwar da ke kewaye da fadar Mai Martaba Shehun Barno tun lokacin da Shehu Garbai ya kafa zamansa a Yarwa cikin 1907, tana cikin tsofaffin unguwannin da suka ɗauki wannan nauyi shekara da shekaru. Aka raba ɗaki da labule, aka mai da zaure wurin kwana, aka ƙara ruwa a miya.

To, shekara goma bayan haka sai masu masauki suka zama baƙi. Ba a manta ba tukuna a bakin dattawa cewa ruwa ya taɓa cin garin cikin watan Satumba 1994, amma abin da ya faru a daren Litinin wayewar Talata 10 ga Satumba 2024 ya shafe wancan. Madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gama ginawa a kan kogin Ngadda cikin 1986, ta ɓalle. Kafin gari ya waye ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da Shehuri, ya shiga fadar Shehu, ya shiga Kasuwar Monday da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce kamar kashi 70 cikin 100 na garin ya nutse. Fursunoni 281 suka fice da ruwa ya rusa katangar gidan yari, aka kuma gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun fito daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Mutum sama da 400,000 suka bar gidajensu. Makarantu ke nan sun buɗe, saura 'yan kwanaki Mauludi.

Jaridu sun buga waɗannan alƙaluma, sun kuma buga hotunan manyan baƙi, daga Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima wanda ya iso a ranar, har Shugaba Tinubu wanda ya zo ran 16 ga watan. Abin da ba a cika bugawa ba shi ne yadda mace mai 'ya'ya uku, babbansu bai kai shekara shida ba, take kwana ta tashi a gidan da ba nata ba. Nan kuwa maganar take.

Babban mutum in ya rasa gida ya kan daure. Yana iya wuni da ruwa da goro, ya kwana a masallaci ko bakin shago. Yaro ɗan wata goma sha takwas bai san haƙuri ba. Kununsa yake so da asuba, a ƙoƙon da ya saba, a hannun da ya saba. Wanda aka soma yayewa sai a mai da shi nono don babu abin ba shi, alhali uwar ita ma ba ta ƙoshi ba. Wanda ya daina fitsarin kwance tun bara sai ya koma yi, kuma a kan tabarmar mutane. Wanda aka ɗauko a wuya cikin duhu ruwa na kai wa uban ƙirji, da ya ji an yi cida sai ya ƙanƙame uwa da kuka. Uwar kuma ba ta da ikon ta bar shi ya yi kukan, domin ɗakin mutum goma sha biyu ne a ciki, kuma mai gidan zai fita aiki da safe.

Akwai kuma abin da mata kaɗai suka san zafinsa. Macen da ke da madafinta da tulunta da igiyar shanyarta, yau ga ta a gidan yayan miji a Bulumkutu ko ta hanyar Dambuwa, sai ta nemi izini kafin ta hura wuta. In yaranta suka yi faɗa da yaran gida, nata za ta doka ko da su ne da gaskiya. In aka zuba abinci sai ta ce ta ƙoshi. Kunya ba za ta bar ta ta tambayi sabulu ba, ga tsummokaran goyo sun taru. Mijinta yana can zaure tare da maza, ko kuwa ya koma Shehuri yana gadin abin da ya rage na kwanon rufi don kada ɓarayi su kwashe, watau ba ta da wanda za ta gaya wa damuwarta sai bayan sallar isha'i a tsaye bakin ƙofa. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta kwana talatin ba ta bushe ba, mai gida da baƙon duka sun san ta zama wani abu dabam.

Kada kuwa a ga laifin masu masauki. Mako guda kafin ambaliyar aka ƙara kuɗin man fetur, abinci ya riga ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, ga babbar kasuwar garin a cikin ruwa. Ma'aikacin da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata da bakuna shida, dare ɗaya ya tashi da bakuna goma sha biyar. Bai kori kowa ba. Wannan shi ne agajin da ya fi kowane girma a Maiduguri cikin watan nan, kuma ba a kira 'yan jarida ranar da aka ba da shi ba.

A nan ne tsarin hukuma ya gaza. Gwamnatin jiha ta buɗe sansanoni, har da na Bakasi wanda ta rufe a ƙarshen 2021, ta kuma zuba mutane a makarantu. Dafaffen abinci da tabarmi da 'yan kuɗin hannu sun fi bin inda aka tara jama'a, domin nan ne ake iya jera mutane a ƙirga. Daga baya da aka zo rabon taimako, ma'aunin shi ne ɓarnar da ruwa ya yi wa gida ko shago. Duka biyun suna da hujja. Amma mutumin da gidansa ke kan tudu, bangonsa bai tsage ba, sai dai buhun masararsa ne ya ƙare a ciyar da 'ya'yan ƙanensa, wane ma'auni ne ya gan shi? Sakamakon haka shi ne an hukunta zumunci. Uwar da ta kai jaririnta ɗakin 'yar'uwarta, inda akwai rufi da masai da gidan sauro, ta yi abin da kowane likita zai ba ta shawara, amma ita ce ta fi nisa da layin rabo. Wadda take son rabon kuwa dole ta wuni a rana da goyo cikin dubban mutane.

Ba wai babu hanyar sanin waɗannan gidaje ba ne. Barno tana da tsarin sarauta wanda ya sauka har ƙofar gida, daga Hakimi zuwa Lawan zuwa Bulama. Bulaman unguwa ya san gidan da aka yi baƙi kafin su ajiye kaya, ya san mai ciki, ya san mai goyo. Kamata ya yi a ce a cikin kwana biyu kowane Bulama ya kawo lissafin gidajen da suka sauke mutane da yawan yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke ciki, a kai hatsi da sabulu da gidan sauro ƙofar gidan. Za a ce wasu za su yi ƙari a lissafi. Za su yi mana. Amma ai a sansani ma ana shiga layi sau biyu, ba a kuwa rufe sansani saboda haka ba.

Dalilin da ya sa ake nanata 'yan ƙasa da shekara biyar shi ne su ne damina ke ɗauka. Satumba da Oktoba su ne ganiyar zazzaɓin cizon sauro a wannan yanki ko da babu ambaliya. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara daga wata uku zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya kowane wata muddin ana ruwa, kuma gida gida ake bi ana bayarwa. To, yaron da aka rubuta sunansa a Shehuri, ga shi yana kwana a wata unguwa, katinsa kuma ruwa ya tafi da shi tare da katin allurar rigakafi da takardar haihuwa, wa zai neme shi? Wata ɗaya in ya tsallake, kariyar ta yanke, daidai lokacin da kududdufai suka cika gari. Sa'an nan ga ruwan sha. Ambaliya ta haɗa masai da rijiya, kuma a farkon watan Oktoba gwamnatin jihar da kanta ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar amai da gudawa. Babba ya kan yi kwana biyu yana fama da ita. Jariri kuwa yini ɗaya ya ishe ta.

Game da saurin rufe sansanonin, a yi wa Gwamna Babagana Zulum adalci. Mutumin da ya sha wahalar rufe sansanonin gudun hijira na shekaru ba zai so a sake kafa wasu ba, kuma ba a koyar da yara a ajin da mutane ke kwana. Sai dai janyewar ruwa daga titi ba ita ce gyaruwar gida ba. Da yawa daga gidajen tsofaffin unguwanni na ƙasa ne, bangon da ya sha ruwa kwana da kwanaki kuwa yana iya tsayawa yau ya faɗi jibi. Ɗaki cike da laka mai wari, katifa ta ruɓe, masai ya cika ya tumbatsa. Magidanci zai iya kwana a haka yana gyara. Yaro mai rarrafe, wanda duk abin da ya tsinta bakinsa yake kai wa, ba wurinsa ba ne. Saboda haka da yawa suka bar mata da yara a gidan dangi suka koma su kaɗai, watau rufe sansani bai ƙare gudun ba, ya dai mai da shi inda ba a gani.

Ita kuwa madatsar, maganarta gajeriya ce. Tsakanin ambaliyar 1994 da ta 2024 shekara talatin cif, kuma madatsar tana hannun Gwamnatin Tarayya ta hanyar Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi. 'Yan kwanaki kafin ta ɓalle jami'an jiha sun je sun duba sun ce wa jama'a babu abin tsoro. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da Naira biliyan 80 don sake gina ta. Madalla, a gina ta da kyau. Amma kankare ba ya tayar da mai barci. Tsakanin Alau da Shehuri tafiyar kamar kilomita ashirin ce, ruwa kuma sa'o'i ya yi yana tahowa. Da akwai tsayayyen tsari wanda mai gadin madatsa zai buga waya, a sanar a gidan rediyo, ladanai su faɗa ta lasifikar masallatai, da uwaye sun fita da yaransu da sauran haske, da katin asibiti da bargo da tukunya, maimakon su fita da zanen jikinsu ƙarfe biyun dare.

Haka nan ya kamata kowace unguwa da ke kusa da Ngadda ta san tun watan Yuni inda za ta nufa in ruwa ya zo, wace makaranta, ta wace hanya, da kuma wace mota za ta ɗauki masu jego da tsofaffi. Wannan ba aikin biliyoyi ba ne, zama ɗaya ne tsakanin ƙaramar hukumar birnin Maiduguri da Lawanai da limamai kafin ruwan farko ya sauka, a rubuta, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a a masallacin ƙofar fada.