Lexus RX ba jif ba ce

A Disambar 1997 Toyota ta fito da Harrier a Japan, a 1998 ta kai ta Amurka da sunan Lexus RX 300. Dabarar ita ce a ɗora doguwar gangar jiki a kan ginshiƙin ƙaramar mota, dangin Camry, domin mai hali da ke son siffar jif amma ba ya sauka daga kwalta. Da yawa daga cikinsu ma tayoyin gaba kaɗai ke ja.

Mu kuwa mun sayo ta 'yar Kwatano, mun raɗa mata jif, wai saboda hanyar ƙauye. A tambayi bakanike abin da damina ɗaya ke yi wa ƙafafunta a hanyoyin gonakin Bacirawa.

Za a ce ai tsayinta na tsallake rami. Haka ne, kuma nan cutar take. Ma'aikacin da ya san ofishin da ake rubuta kasafin hanya ya sayi tsayi, ya ɗaga gilashi, ya ja bakinsa. Manomin da ke kai gero Dawanau ba shi da gilashin ɗagawa, ba shi da lambar kwamishina. Mu ke da ita. Mu kira shi kafin ruwa ya sauka.