Katakon da Gara Ta Ƙi, Shi Zomo Ke Ci

A Kabo, mai kiwon zomo kan sa kafinta ya shafe katakon keji da baƙin mai ko Solignum don gudun gara. Dabarar ta dace da katakon rufin ɗaki. A keji kuwa ganganci ne. Haƙoran gaban zomo ba sa daina tsiro, kusan milimita 2 a mako, dole ya gwaguyi duk itacen da bakinsa ya kai. Masu kiwon cincila, dabbar tsaunukan Andes mai irin wannan haƙori, sun daɗe da nisanta ta da katako mai magani ko fenti. Nan kuwa sai zomo ya daina ci ya mutu, a ɗora wa annoba, a sayo wasu a zuba a kejin nan dai, ba wanda ya dubi gurbin haƙora a jikin baƙin katakon.