Kifi ruwa-biyu: Abin da dillalan iri ba sa faɗa wa makiyayan Yawuri

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, rayuwar Sarkawa da Gungawa na Yawuri, Ngaski da Shanga ta rataya ne a kan abin da tafkin ya bayar. Yau masunta na kukan kamu ya ja baya, matasa kuma sun karkata ga kiwon kifi a kududdufi da tankuna. Tambayar farko da mai shirin kiwo kan yi ita ce, wane iri ya fi saurin girma? Amsar dillalai kusan ɗaya ce: ruwa-biyu.

Ba ƙarya suka yi ba, sai dai sun taƙaita. A ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa kiwon kifi, an daɗe ana haɗa dangogin wani kifi da Turawa ke kira kaf, a 2014 kuma masana suka fayyace tsarin ƙwayoyin gadonsa. Abin da aka fahimta shi ne, 'ya'yan haɗin farko sukan zarce iyayensu girma, ba don sun sami sababbin ƙwayoyin gado ba, sai don wasu daga cikin waɗanda suka gada, kamar masu sarrafa sinadarin girma da narkar da abinci, sun fi yin aiki a jikinsu. Ni da nake nazarin harshe, nakan kwatanta wannan da ƙamus da zance: kalmomi na nan a rubuce, amma wace za a furta, yaushe, kuma da wane ƙarfi, yanayi ne ke hukuntawa. A wajen kifi, yanayin shi ne abinci, ɗumin ruwa, iskar cikinsa da cunkoso. Wanda ya sayi iri mai tsada ya ciyar da shi dusa zalla, ya yi asarar kuɗinsa.

An kawo kaf gonar kifi ta Panyam a Filato tun shekarun 1950, amma bai kama kasuwa ba. Namu ruwa-biyun shi ne ɗan tarwaɗa da ramboshi, wanda Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa ta yi aiki a kansa.

A nan ne damuwata take. Fifikon ruwa-biyu na zuriyar farko ne. In aka mayar da shi uwa da uba, jikoki sukan fito barkatai, wani ƙato wani tsamurarre, manyan kuma su cinye ƙanana. Mai saye ba ya iya bambancewa da ido a lokacin da kifin bai kai tsawon yatsa ba. Sai bayan wata huɗu ko biyar, ya ƙarar da jari a abinci, zai gane an cuce shi. Sannan wannan kifi ba alfadari ba ne, wasunsa suna haihuwa. Ambaliya irin ta 2020 da ta shafe gonakin shinkafa a Kebbi ba za ta bar kududdufin bakin tafki ba, kuma kifin da ya kuɓuce zai gauraya da tarwaɗa da ramboshin asali, waɗanda su ne ake komawa gare su in ana neman iyaye nagari.

A ganina, ya kamata gwamnatin Jihar Kebbi ta yi rajistar gidajen ƙyanƙyasar kifi tare da cibiyar ta Bussa, ta kuma wajabta wa mai sayar da iri ya rubuta asalin uwa da uba a rasit. Sarakunan ruwa, da suka san kowace gaɓa daga Yelwa zuwa Warra, su ne suka cancanta a ba ikon hana haƙa kududdufi a inda ruwa ke kaiwa da damina.