Idan Kwamfuta Ta Cije, A Tambayi Abin Da Aka Taɓa Jiya

Duk wanda ya taɓa bin layi a wani ofishi a Abuja, ko a Sakatariyar Tarayya, ko a banki, ya san jawabin nan da akawu kan yi idan aiki ya tsaya: wai na'ura ce ta cije, sai a dawo gobe. Mai bin layi yakan karɓi wannan magana kamar yadda manomi kan karɓi fari, watau abu ne daga sama wanda ba wanda ya jawo shi. Alhali kuwa na'urar da ta shekara tana aiki lafiya ba ta cika sandarewa haka kawai ba. Sau da yawa wani ne ya taɓa wani abu a cikinta jiya ko shekaranjiya, kuma galibi da niyyar gyara ya taɓa.

A cikin kowace kwamfuta akwai babbar manhaja mai tafiyar da sauran, a tsakiyarta kuma akwai wani sashe da masana ke kira kanel. Matsayinsa kamar na sarkin tasha ne. Shi ke cewa wannan aiki ya shiga, wancan ya dakata. Shi ke raba wurin ajiya, shi ke riƙe da agogo, shi ke magana da faifai da allo da wayar sadarwa. Idan ƙaramar manhaja ta rikice, kanel yakan kore ta, aiki ya ci gaba. Amma idan shi kansa ne ya rikice, to babu na sama da shi da zai tsawata masa.

Sandarewa ta fi faɗuwa wuyar bincike. Na'urar da ta faɗi takan bar wasiyya, ta rubuta inda ta tsaya kafin ta mutu. Wadda ta sandare kuwa fitilarta na ci, fankarta na juyawa, amma ba ta amsa kira, tamkar motoci biyu da suka yi kiciɓis a kan siririyar gada kowace tana jiran ɗayar ta ja da baya. Saboda haka ne masu gina kanel ɗin Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a cikin 1991, kuma wanda ke cikin kowace waya mai Android, suka sa masa mai gadi a ciki. Idan wani aiki ya riƙe ƙwaƙwalwar na'ura har sakan 20 bai saki ba, ko wani ya yi sakan 120 yana jiran abin da bai zo ba, sai mai gadin ya rubuta ƙorafi a cikin rajista. Ma'aikacin da ya yi gaggawar kashe na'ura ya kunna ba tare da ya duba wannan rajista ba, ya sallami shaidarsa da hannunsa.

To, idan an tabbata sabon kanel ne ya kawo cutar, saura a san wane canji ne daga ciki. Nan ne aikin yake. Kusan kowane mako 9 ko 10 ake fitar da sabon Linux, kuma tsakanin na jiya da na yau akan sami canje-canje fiye da 10,000 daga hannun mutane sama da 1,000 da ke warwatse a duniya. Wake ɗaya ke ɓata gari, amma wa zai zauna ya tsince shi ɗaya-ɗaya?

Dabarar da ake bi mai sauƙi ce ƙwarai, har yaron makarantar firamare zai gane ta. Ana da tsohon kanel wanda aka san lafiyayye ne, da sabo wanda aka san yana cijewa, canje-canjen kuma suna jere a tsakaninsu. Sai a je tsakiyar jerin, a haɗa kanel daga nan, a gwada. In ya yi aiki, laifin yana cikin rabin baya; in ya cije, yana cikin rabin farko. Sa'an nan a sake raba rabin da ake zargi biyu, a sake gwadawa. Canji 16,000 ya koma 8,000, ya koma 4,000, haka dai har a gwaji na 14 a tsaya a kan guda ɗaya tak, da sunan wanda ya yi shi, da ranar da ya yi, da dalilin da ya bayar. Manhajar Git, wadda Torvalds ya rubuta a cikin 2005 don ajiye tarihin canje-canje, ita ke yin wannan lissafi.

Sai dai dabarar tana da sharuɗɗa biyu. Na farko, dole ne an rubuta kowane canji. Na biyu, wanda ya fi wuya, dole ne mai bincike ya iya tayar da cutar duk lokacin da ya so. Idan na'ura sai ta kwana uku tana aiki kafin ta cije, gwaji 14 ya zama mako 6. In kuma mutum ya gaji da jira ya ce wani gwaji lafiyayye ne alhali cutar ba ta farka ba ce kawai, ya saki hanya ke nan, zai ƙare da kama marar laifi.

Abin da ya faru a daren Asabar, 30 ga Yuni 2012, ya nuna haka sarai. Masu kula da agogon duniya sukan ƙara sakan ɗaya jefi-jefi don agogo ya dace da juyawar ƙasa, kuma a wannan dare aka ƙara, daidai ƙarfe 1 na dare agogon Nijeriya. Nan take manyan kwamfutoci masu Linux a wurare da yawa suka shiga aiki ba ji ba gani, ba su kuwa tsinana kome. Kamfanin Mozilla ya taɓu, jiragen Qantas na Ostareliya suka yi jinkiri domin na'urar tantance fasinja ta tsaya. Da aka bi sawu, sai aka tarar tun a cikin 2007 aka cire wani ɗan umurni daga kanel, an kuwa cire shi ne don a hana wata sandarewar dabam. Rashinsa ya sa sashen da ke tayar da ayyuka daga barci bai sami labarin an gyara agogo ba. Duk aikin da ya ce a tashe shi bayan rabin sakan sai a tashe shi nan take, ya koma, a sake tashinsa, ba iyaka. Tun da ba kullum ake ƙara sakan ba, John Stultz, wanda ya yi gyaran, sai da ya rubuta 'yar manhaja mai ƙirƙiro ƙarin sakan na ƙarya don a iya gwadawa a kowace rana.

Na ranar Jumma'a, 19 ga Yuli 2024, bai ba da wuyar ganowa ba, ɓarnarsa ce ta yi yawa. Kamfanin tsaro na CrowdStrike a Amurka ya aika wa manhajarsa mai zama a cikin kanel ɗin Windows wani ɗan sabuntawa, ya janye shi bayan minti 78, amma kafin nan kwamfuta kimanin miliyan 8.5 sun faɗi, bisa ƙiyasin Microsoft. An aika wa kowa a lokaci guda ne, ba a fara da kaɗan an ga yadda za su kwana ba.

Mai karatu zai ce ina ruwan Abuja da wannan. Ruwanta kuwa babba ne, gama a nan ne kamfanin Galaxy Backbone, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a cikin 2006, yake riƙe da na'urorin da ma'aikatu da yawa ke aiki da su, a nan ne kuma hukumomin da ke riƙe da sunayen 'yan ƙasa da sakamakon jarrabawarsu suke da hedkwata. Kowace irin wannan na'ura ana yi mata faci lokaci-lokaci, kuma dole ne a yi, don na'urar da ba a sabuntawa ƙofarta a buɗe take ga ɓarayi. Abin da ya kamata shugaban kowace hukuma ya nema a kawo masa a kan tebur shi ne littafin da ke nuna wane faci aka yi, a kan wace na'ura, wa ya yi, da kuma yadda za a koma ga na jiya idan na yau ya ƙi.

Ranar Laraba, 14 ga Mayu 2025, a hedkwatar hukumar JAMB da ke Bwari, magatakardanta Farfesa Is-haq Oloyede ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa an sami kuskure a jarrabawar shiga jami'a ta wannan shekara. Ba kanel ne ya yi laifi a nan ba, amma cutar 'yar gida ɗaya ce. An yi wa manhajar jarrabawa gyara, sai ma'aikatan kamfanin da ke kula da shiyyar Legas suka bar waɗansu na'urori ba su sa musu facin ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, 65 a Legas, 92 a jihohin Kudu maso Gabas, da ɗalibai 379,997. Ba a gane ba sai da aka fitar da sakamako, iyaye da malamai suka yi ca, aka kira masana suka duba. Ya dace a yaba wa shugaban da ya fito ya ɗauki laifi, abin da ba a saba gani ba a ƙasar nan. Amma binciken da aka yi a cikin 'yan kwanaki bayan kuka ya tashi, da an gwada kowace na'ura bayan an yi gyaran, da an yi shi tun kafin a fitar da sakamako. Ranar Jumma'a, 16 ga Mayu, kwana biyu kacal bayan jawabin Bwari, aka fara mayar da waɗannan ɗalibai ɗakin jarrabawa.